Mutuwa da Gawa a Idon Masu Nazarin Al'adun Ɗan'adam: Tambayoyi da Amsoshi

Bahaushe yana da kalma ɗaya ga dabbar da ta mutu ba tare da yanka ba, wato mushe, yana kuma da wata dabam ga jikin mutumin da ya cika, wato gawa, kuma duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya yi zagi mai muni. Wannan bambanci shi ne tushen wani fanni na ilimin nazarin ɗan'adam da al'adunsa, wanda ya shafe fiye da shekara 100 yana bin diddigin abin da al'ummomi suke yi da matattunsu.

Me ya sa masana suka damu da mutuwa, alhali ita ce abin da kowa ya sani?

Mutuwa iri ɗaya ce a ko'ina, amma abin da ake yi bayan ta auku ya sha bamban ƙwarai, kuma kowace al'umma tana ganin nata tsarin shi ne kaɗai mutunci. Marubucin tarihi Herodotus na ƙasar Girka ya kawo labarin wannan tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce Sarki Dariyus na Farisa ya tara Girkawa, waɗanda suke ƙona iyayensu idan sun mutu, ya tambaye su nawa za a biya su su ci naman iyayen nasu, suka ce babu dukiyar da za ta sa su aikata haka. Sai ya kira wasu mutane daga Indiya da aka ce suna cin naman iyayensu, ya tambaye su nawa za a biya su su ƙona su, suka ɗaga murya suna roƙonsa ya daina faɗin wannan mugun zance. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna abin da masana suke nema: a wurin gawa ne al'umma take bayyana abin da ta ɗauka mutum yake, da inda take ganin zai je, da wanda yake da iko a kansa, da wanda zai gaje shi.

Wane ne ya kafa harsashin wannan bincike, kuma me ya gano?

Sunan da ake fara ambata shi ne Robert Hertz, Bafaranshe kuma ɗalibin masanin zamantakewa Émile Durkheim, wanda ya wallafa nazarinsa a 1907, aka kuma kashe shi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915 yana da shekara 33. Abin mamaki shi ne bai taɓa taka tsibirin Borneo da ya yi rubutu a kansa ba, domin rahotannin 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka ya tattara a ɗakin karatu, amma duk da haka abin da ya fahimta bai tsufa ba har yau.

Hertz ya duba mutanen Ngaju na tsibirin Borneo, waɗanda suke yi wa mamaci jana'iza sau biyu. Da farko ana ajiye gawa a akwati na wucin gadi, a bar ta watanni ko shekaru har nama ya zagwanye, ƙasusuwa su bushe. Daga nan sai a yi babban biki mai suna tiwah, a wanke ƙasusuwan, a kai su ma'ajiyar ƙasusuwan kakanni. Ya lura cewa abubuwa uku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a tsawon wannan jira. Muddin gawa tana ruɓewa, ana ɗaukan kurwar mamacin a matsayin wadda ba ta da masauki, tana yawo kusa da gida, tana iya cutarwa, su kuma iyalinsa suna keɓe, da haramce-haramce a kansu na abinci da tufafi da cuɗanya. Ranar da ƙasusuwa suka isa makwancinsu na ƙarshe, ranar ce kurwa take shiga ƙasar kakanni, ranar ce kuma ake sakin iyali su koma cikin jama'a. A fahimtarsa, likita yana iya faɗin sa'ar da numfashi ya yanke, amma al'umma tana bukatar lokaci mai tsawo kafin ta cire mutum daga cikin rayayyu ta ba shi sabon matsayi.

Ya kuma lura da abin da ba kowa yake son ji ba, wato mutuwar kowa ba nauyinta ɗaya ba. Rasuwar sarki tana girgiza gari, ta jariri ko baƙo kuwa sau da yawa tana wucewa shiru, domin gurbin da suka bari a cikin jama'a ƙarami ne. Bayan shekara biyu, a 1909, Arnold van Gennep ya faɗaɗa zancen, ya nuna cewa haihuwa da kaciya da aure da mutuwa duk suna bin matakai uku: rabuwa da tsohon matsayi, zaman tsaka-tsaki, da shiga sabon matsayi.

Tun yaushe ɗan'adam ya fara binne matattunsa?

Ga Musulmi, amsar tana cikin Suratul Ma'ida, inda Allah ya aiko hankaka yana tono a ƙasa domin ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa. Masu tonon kayan tarihi kuwa suna magana ne kan abin da suka iya tonowa kawai. A kogunan Qafzeh da Skhul da ke Gabas ta Tsakiya an samu kaburbura masu kimanin shekara 100,000. A Afirka, a 2021 aka sanar da kabarin wani yaro ɗan kimanin shekara uku a kogon Panga ya Saidi da ke gaɓar tekun Kenya, wanda ya kai shekara 78,000. An kwantar da shi a gefensa, gwiwoyinsa a naɗe zuwa ƙirji, kuma yanayin ƙoƙon kansa ya nuna kamar an tokare shi da wani matashi da ya riga ya ruɓe.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Gobero, a hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, wanda ya fita neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, ya ci karo da maƙabarta mai kaburbura kimanin 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni. A cikinsu akwai kabarin wata mace da yara biyu da aka binne suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kimanin shekara 5,300 da suka wuce, an kuma samu garin furanni a ƙarƙashinsu, abin da ya sa ake zaton a kan furanni aka shimfiɗe su.

Ban da binnewa, waɗanne hanyoyi ake bi?

Ƙonawa ita ce ta fi yaɗuwa. Mabiya addinin Hindu suna kai gawa bakin Kogin Ganga a birnin Varanasi, babban ɗa ya cinna wa itacen wuta, a zuba toka a ruwa, bisa imanin cewa wanda ya mutu a wannan birni ya kuɓuta daga sake dawowa duniya. A Japan fiye da kashi 99 cikin 100 na matattu ƙona su ake yi, sannan dangi su tsince ƙasusuwan da suka rage da tsinke su zuba a tulu. Cocin Katolika ta daɗe tana hana ƙonawa, sai a 1963 ta sassauta. Amurkawa kuma sun shahara da ɗura wa gawa magani don kada ta lalace, a yi mata kwalliya, a buɗe akwati mutane su gani, kuma wannan al'ada ta samo asali ne daga yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, lokacin da iyalai suke son a dawo musu da 'ya'yansu daga fagen fama mai nisa.

Akwai kuma masu bai wa tsuntsaye. A Tibet ana sassara gawa a kan dutse a bar wa ungulaye, a matsayin kyauta ta ƙarshe da mamaci zai yi wa masu rai, ga shi kuma ƙasar dutse ce mai wuyar tono, itace kuma yana da ƙaranci. Mabiya addinin Zarathustra da ke birnin Mumbai, waɗanda ake kira Parsi, suna ganin ƙasa da wuta da ruwa abubuwa ne masu tsarki da bai kamata gawa ta gurɓata su ba, don haka suke ɗora ta a kan wata hasumiya marar rufi mai suna dakhma. Labarinsu ya nuna yadda abin da ba a zata ba yake iya rushe ibada mai shekaru aru-aru. Daga shekarun 1990 ungulayen Indiya suka fara mutuwa, har suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, aka kuma gano cewa maganin diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa ne yake lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushen saniyar. Gwamnatin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma aikin gama ya gama. Gawar da a da tsuntsaye suke gamawa da ita cikin sa'o'i kaɗan ta koma tana daɗewa a hasumiya, har aka kafa madubai masu tattara zafin rana don busar da ita, wasu 'yan al'ummar kuma suka koma ƙonawa, abin da ya jawo saɓani mai zafi a tsakaninsu.

Gaskiya ne akwai masu ajiye gawa a gida, ko masu tono ta bayan an binne?

Gaskiya ne. Mutanen Toraja da ke tsaunukan Sulawesi a Indonesiya suna iya ajiye mamaci a gida watanni ko shekaru bayan an yi masa magani, suna kiransa marar lafiya, suna kai masa abinci, suna gaishe shi, har sai dangi sun tara kuɗin bikin jana'iza, inda ake yanka wani nau'in ɓauna na gida gwargwadon darajar mamacin. A wurinsu sai an yi wannan biki mutum yake zama matacce, kuma yawancinsu yau Kiristoci ne, amma ba su bar al'adar ba.

A Madagaska, Maurice Bloch ya yi nazarin mutanen Merina da bikinsu na famadihana, inda bayan wasu shekaru ake buɗe kabarin zuri'a a lokacin rani, a fito da kakanni, a ƙara naɗe su da sabon likkafani, a yi rawa da su a kafaɗa, a mayar. Bloch ya nuna cewa kabarin, wanda sau da yawa ya fi gidan kwana ƙarfi da tsada, shi ne yake ɗaure zuri'ar da ta warwatsu ga ƙasar gadonta. A kudancin Ghana kuwa firjin mutuware ne ya canza lissafi, domin ya ba iyalai damar jinkirta jana'iza makonni ko watanni har 'yan'uwa na ƙetare su iso, a gyara gida, a buga sanarwa. Hausawan zango a Kumasi da Accra suna zaune a tsakiyar wannan al'ada, suna binne nasu a ranar da suka rasu, kowane ɓangare yana mamakin ɗan'uwansa.

Batun cin naman mamaci fa, ba ƙagen Turawan mulkin mallaka ba ne?

Da yawa daga labaran da matafiya suka baza ƙage ne da aka yi amfani da shi don halatta mamaya, amma akwai wurare biyu da shaida ta tabbata. Beth Conklin ta zauna da mutanen Wari' na yammacin Brazil a shekarun 1980, dattawansu suka bayyana mata yadda ake yi kafin a tilasta musu dainawa a wajajen 1960. Dangi na jini ba sa ci, surukai ne suke ɗaukar wannan nauyi, sau da yawa cikin ƙyama da dauriya, domin a kawar da jikin da ganinsa yake hana iyali dangana. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne sabon tsarin da aka kawo musu na saka masoyinsu a cikin ƙasa mai sanyi da danshi ya ruɓe shi kaɗai.

Na biyu su ne mutanen Fore na Papua New Guinea, inda wata cuta mai suna kuru, mai sa karkarwa da kasa tafiya, take kashe kimanin mutum 200 a shekara a ƙarshen shekarun 1950, yawancinsu mata da yara. Su Fore sun ɗauka sammu ne, likitoci kuma sun fi karkata ga cewa gado ce. Masu nazarin al'adu Shirley Lindenbaum da Robert Glasse, waɗanda suka zauna a can daga 1961, su ne suka tattara tarihin zuri'a da na jana'iza, suka nuna cewa cutar sabuwa ce, tana kuma bin sawun waɗanda suke cin naman mamaci, musamman ƙwaƙwalwa, wato mata da ƙananan yara. Al'adar ta mutu tun wajajen 1960, amma an ci gaba da samun masu mutuwa da kuru har cikin shekarun 2000, domin cutar tana iya ɓuya a jiki shekaru masu yawa.

A ƙasar Hausa ana binnewa nan take. Shin fahimtar Hertz ta shafe mu?

A kallon farko kamar ba ta shafe mu ba. Musulunci ya umarci a gaggauta, ya kuma sanya wanka da likkafani da salla da binnewa farilla a kan jama'a, wadda idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Ana ɗaukar gawa a makara, a kwantar da ita a gefen dama tana fuskantar alƙibla a cikin ƙaramin rami da aka tona a cikin babba, a jera itace ko fasassun tukwane, a liƙe da laka, a tura ƙasa, kuma ba a komawa gare ta. Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya rasu a daren 5 ga Mayu 2010 yana kan mulki, washegari aka binne shi a Katsina. Takwaransa na Ghana John Atta Mills, wanda shi ma ya rasu yana kan mulki a ranar 24 ga Yuli 2012, sai 10 ga Agusta aka binne shi.

Amma idan aka ɗauke ido daga gawa aka duba waɗanda aka bari, sai a ga zaman tsaka-tsakin nan yana nan daram. Akwai zaman makoki da karɓar gaisuwa, akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a gidajen da suke yin su, duk da cewa malamai da yawa, musamman tun bayan kafa Izala a 1978, suna sukar su a matsayin bidi'a. Sama da duka akwai takaba, wata huɗu da kwana goma, inda matar mamaci take barin ado da ƙamshi da zancen aure, sannan ta fita ta koma cikin mata. Rabon gado ma sau da yawa sai ƙura ta lafa. Mamacin kansa, a aƙidar Musulmi, yana barzahu tsakanin duniya da tashin alƙiyama. Har harshe yana nuna wannan taka-tsantsan, domin mai ladabi ba ya cewa wane ya mutu, sai dai ya ce ya rasu, ko rai ya yi halinsa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Ya kamata a faɗa a fili cewa aikin mai nazarin al'adu bayyana abin da mutane suke yi ne da dalilinsu, hukuncin halal da haram kuwa na malaman addini ne.

Shin baƙin ciki iri ɗaya ne a ko'ina?

Zafin rashi na kowa ne, amma al'umma ce take tsara wa zai yi kuka, yaushe, da ƙarfin murya nawa. A wasu wurare kururuwa wajibi ce, rashinta kuma abin zargi ne, a wurinmu kuwa ana yabon wanda ya yi haƙuri ya yi istirja'i. Nancy Scheper-Hughes ta rubuta a 1992 kan matan wata unguwar talakawa a arewa maso gabashin Brazil, inda jarirai suke mutuwa da yawa har iyaye mata suka koyi rashin sakin zuciya ga jariri sai ya nuna alamar zai rayu. Wasu masana sun musanta ta, suna cewa ɓoye hawaye ba ya nufin babu su.

Wane amfani wannan bincike yake da shi a aikace?

Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini da Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000, ita ce ta amsa wannan tambaya. Gawar mai Ebola tana cike da ƙwayar cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin kamuwa a wurin jana'iza suke faruwa. Da farko ma'aikata cikin fararen kaya suna zuwa su fesa magani, su saka gawa a leda, su tafi da ita ba tare da iyali sun san inda aka kai ta ba. A Monrovia, babban birnin Laberiya, gwamnati ta tilasta ƙonawa a watan Agusta 2014, ga mutanen da ƙona gawa baƙon abu ne a wurinsu. Sakamakon shi ne jama'a suka riƙa ɓoye marasa lafiya, suna binne matattu a asirce da dare, cutar tana ƙara yaɗuwa.

A wani ƙauyen ƙabilar Kissi a Gini, wata mace mai ciki ta rasu, al'adar garin kuma ta hana a binne uwa da ɗan tayi a cikinta, likitoci kuwa suka ce buɗe cikin hatsari ne da ba za a ɗauka ba. Julienne Anoko, masaniyar al'adu 'yar Kamaru, ta zauna da dattawa har aka gano cewa al'adar da kanta tana da hanyar kaffara idan an kasa cika ƙa'ida, aka kawo kayan da ake bukata, aka binne matar ba tare da an buɗe cikinta ba. A watan Nuwamba 2014 Hukumar ta fitar da sabon tsari na binnewa cikin aminci da mutunci, bayan tuntuɓar malaman Musulunci da na Kirista. Tsarin ya ba iyali damar gani daga nesa da yin addu'a, ya kuma tanadi taimama a madadin wanka da rufewa da likkafani ga Musulmi.

Idan aka yi saɓani, gawa ta wa ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kai mutane kotu. Lauyan Kenya S. M. Otieno, ɗan ƙabilar Luo, ya rasu a watan Disamba 1986. Matarsa Wambui, 'yar ƙabilar Kikuyu, ta ce a gonarsu kusa da Nairobi ya so a binne shi, danginsa na Umira Kager kuma suka ce ɗan Luo a ƙasar ubansa yake kwanciya. Gawar ta yi wata biyar a mutuware ana shari'a, jaridu suna buga zaman kotu kullum, daga ƙarshe kotun ɗaukaka ƙara ta ba dangi gaskiya. An binne shi a Nyalgunga, ƙasar ubansa, a watan Mayu 1987, matar kuma ba ta halarta ba.

Fannin nazarin ɗan'adam shi ma yana da nasa laifin a nan, domin a zamanin mulkin mallaka an kwashe dubban ƙoƙunan kai zuwa gidajen tarihi na Turai don a auna su a kafa hujjar fifikon launin fata. Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu wadda aka riƙa nuna ta ga 'yan kallo a Landan da Paris, ta rasu a 1815, sassan jikinta suka zauna a gidan tarihi a Faransa har 2002 kafin a mayar da ita Afirka ta Kudu a binne. A 2011 Jamus ta fara mayar wa Namibiya ƙoƙunan kan 'yan ƙabilun Herero da Nama da aka kwasa lokacin kisan kiyashin 1904 zuwa 1908. Patrice Lumumba kuwa, firaministan Kongo na farko, wanda aka kashe a 1961 aka narkar da gawarsa da sinadari, haƙori ɗaya ne ya rage daga jikinsa, wanda wani ɗan sandan Beljiyam ya ajiye a wurinsa. A watan Yuni 2022 aka miƙa haƙorin ga 'ya'yansa a Brussels, aka saka shi a cikakken akwatin gawa, aka zaga da shi sassan Kongo, sannan aka kai shi makwancinsa a Kinshasa.